Wai a ƙara wa Corolla mai injekta taimin? Amsa ga ƙanena direban tasi

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka, kace kana da Corolla 2006 ƴar Amurka kana tasi da ita nan Kumasi, kwanan nan ta yi sanyin jiki, in ka ɗau mutum huɗu bata hawa tudu sai da kyar, ga shan mai, wani lokaci kuma in ka taka totur kana jin wata ƙara ƙyar-ƙyar-ƙyar daga cikin injin, fita ɗinka, wato makanikinka, yace taimin ɗin wuta ne yayi let sai an ƙara shi gaba, shine kake tambaya ta ina ake ƙarawa kuma digiri nawa. Toh ni aikin waya da kwamfutar mota nake yi a Suame Magazine, unguwar makanikai ta nan Kumasi, kuma irin motarka kullum suna shigowa, bari in faɗa maka yadda abin yake.

Wannan motar taka babu inda ake murɗawa a ƙara mata taimin ɗin wuta. Babu. Injin ɗinta 1ZZ-FE ne, 1.8, bashi da distiributa, buɗe bonet ka cire murfin robar nan na sama zaka ga koyil huɗu kowanne zaune a kan filoginsa, kuma kontrol bod, wato kwamfutar injin, ne ke ba kowane koyil umarnin lokacin da zai saki wuta. Shi kontrol bod ɗin ba ya ja da taimin baya haka kawai, in ya ja akwai abinda ya gani ko abinda wani sensa ya gaya masa, gaskiya ko ƙarya. Aikin da ke gabanka shine a nemo wannan dalilin. Duk wanda yace maka zai ɗau sifana ya ƙara mata taimin, don Allah ka tsaya ka tambaye shi wane noti zai kwance, domin amsar da zai baka ita zata nuna maka irin ɓarnar da ake shirin yi wa motar.

Amma gara ka fahimci abin daga tushe yadda ba wanda zai ruɗe ka gobe. Man da iskar da ke cikin silinda basa fashewa nan take, ci suke yi, wutar tana tashi daga bakin filogi ta bazu har bango, kuma wannan yana ɗaukar lokaci komai ƙanƙantarsa. Ana so ƙarfin turin ya kai maƙura bayan fistin ya haye ƙoli ya fara gangarowa, wajen digiri 15 haka na juyin kiranshaf, saboda haka dole a kunna wutar tun fistin yana hanyar hawa bai iso ba. Ka ɗauki fedar keke, in ka danna ƙafa tun feda bata haye sama ba baya zata turo ka, in kuma ka bari sai ta yi rabin gangara sannan ka danna toh ƙarfinka ya tafi a banza. In kaji ance taimin digiri 10 BTDC, ana nufin filogi ya bada wuta saura digiri 10 fistin ya kai ƙoli. Wuta ta yi latti, mota ba ƙarfi, sauran wutar na bin salansa ta fita, manifol ɗin hayaƙi yayi zafi har wani lokaci da dare ka ganshi yayi ja. Wuta ta yi sammako kuma, fistin na hawa ana danne shi, zafi da matsi su yi yawa har ragowar man da ke gefe ya fashe da kansa, wannan ce ƙarar finkin da kake ji.

Kaga kenan maganar fita ɗinka da ƙarar da kake ji basu jitu ba. Injin da ke finkin yana cewa ne wutar da ake bashi ma ta masa wuri a halin da yake ciki, ko don mai, ko don zafi, ko don iska ta fi mai yawa. In aka samu hanyar tura taimin gaba a kan haka, ƙarar zata ƙaru, kuma wannan ƙarar ita ke karya gefen fistin inda ringi ke zama, ita ke cin gasket ɗin kai, ita ke daka metal. Wallahi abin na damuna, domin mai tasi da motar nan yake ciyar da gida, gyaran da bai kai ya kawo ba sai ya koma sauke injin.

Abu na biyu, taimin ba lamba ɗaya bane da za'a saita a tafi. Yi lissafi da kanka, a silo, wato injin na aiki ba'a taka totur ba, yana juyi 800 a minti, cikin kashi ɗaya bisa dubu na sakan kiranshaf ya ci digiri 4.8, a juyi 3000 kuma cikin wannan ɗan lokacin ya ci digiri 18. Cin wutar bai ƙara sauri daidai da haka ba, dole a riƙa kunnawa da wuri in juyi ya ƙaru. Sannan kaya ma na canza shi, in kana tafiya a miƙe ƙafa a sama-sama iska kaɗan ce ke shiga, wutar na ci a hankali, taimin zai iya haura digiri 30 har ya doshi 40, da ka danna totur ƙasa silinda ya cika sai ya dawo baya. Motocin da, masu kafireta irin Tico da tsofaffin Datsun da Peugeot 504, a cikin distiributa akwai ƙananan ƙarafa masu sifirin da ke buɗewa da gudu, ga kuma gwangwanin bakyum a gefe, su ke wannan aikin, shi yasa masta na da zai sassauta noti ɗaya ya juya distiributa yana saurare da kunne har injin ya zauna. Iyayen gidanmu sun iya wannan aikin ƙwarai kuma a wurinsu muka koya, sai dai injin ɗin ne ya canza.

A motarka abinda ke faruwa shine, a bakin kiranshaf akwai wani faifai mai haƙora, na Toyota irin naka gurbin haƙora 36 ne an cire biyu, wasu motocin Turai masu tsarin Bosch 60 ne an cire biyu, Ford da yawa 36 an cire ɗaya. Kirank sensa na ƙirga haƙoran nan, in ya zo giɓin sai kontrol bod ya san inda fistin yake, kam sensa kuma ya gaya masa wane silinda ne ke kan matsi. Daga nan sai ya duba juyi nawa ake, iska nawa ta wuce ta eyafulo sensa, ya shiga teburin da kamfani ya rubuta masa ya ɗauko digirin da ya dace, sannan ya rage ko ya ƙara gwargwadon zafin ruwa da zafin iskar da ke shiga. Da safe in ka tada ita da gangan yake jan wuta baya don katalis yayi saurin zafi. A silo zaka ga lambar na rawa sama da ƙasa, ba matsala bace, da ita yake riƙe silo kada ya faɗi in fanka ko AC ta kama. Duk wannan yana yinsa a kowane bugu na kowane silinda.

Sai nok sensa, wanda shine kunnen kontrol bod. An ɗaure shi a jikin bulok, a injinka yana ƙarƙashin manifol ɗin iska, ciki akwai wani ɗan dutse da ke bada lantarki in an girgiza shi. Da ya ji karkarwar finkin sai kontrol bod ya ja taimin baya nan take, ƙarar ta ɗauke sai ya riƙa mayarwa kaɗan-kaɗan, in kuma abin ya zama kullum sai ya haddace ya zauna a baya. Toh anan ne fita ɗinka yake da ɗan gaskiya, zai yiwu taimin ɗin naka yana baya ɗin, shi yasa ba ƙarfi ga shan mai, amma kontrol bod ne ya kai shi can don ya ceci injin. Kuma in har kunnenka na jin ƙarar a fili, ko dai ya ja iya jansa abin ya fi ƙarfinsa, ko kuma kunnen nasa baya ji.

Yanzu me mutum zai yi in ya dage sai ya ƙara taimin a irin wannan injin? Abu biyu nake gani ana yi kuma duka ɓarna ne. Na farko a buɗe murfin gaba a tsallakar da cen haƙori ɗaya. Nan ake haɗa abu biyu da ba ɗaya ba, taimin ɗin cen shine lokacin buɗewa da rufewar bawul, taimin ɗin wuta shine lokacin filogi. In ka matsar da cen baka taɓa wuta ba tunda wuta daga kirank sensa ake ƙirga ta, bawul kawai ka ɓata. Kuma haƙori ɗaya ba ƙaramin abu bane, in giyar kam na da haƙori 36 toh haƙori ɗaya digiri 10 ne na kam, digiri 20 kenan na kiranshaf, mota zata ƙara mutuwa, a wasu motocin lambar matsala P0016 ta fito a kontrol bod, in aka wuce haka a injina da yawa fistin ya daki bawul. Na biyu a goge ramin notin kirank sensa a matsar da shi, ko a taɓa faifan haƙoran. Wannan ƙarya ce ake yi wa kontrol bod, duk teburin ya gusa gaba ɗaya har inda baya buƙata, lissafin injekta da na VVT-i mai canza lokacin buɗe bawul ma ya bi, shi kuma nok sensa ya ci gaba da ja baya. Ba abinda aka samu sai ciwon kai.

Abinda ya kamata shine a sa mata mashin ɗin karanta kontrol bod, kuma ba sa mashin na goge lamba a karɓi kuɗi ba. Kafin ma kaje, murɗa makulli ba tare da ka tada ba ka duba fitilar cek injin ta kama? In bata kama ba zai yiwu an cire ƙwan ko an toshe shi, ana yin haka wa motoci kafin a sayar, sai mutum yayi ta yawo da lambobi cike bai sani ba. Soket ɗin mashin na ƙarƙashin sitiyari, mai baki 16, duk motar Amurka daga 1996 tana da shi, na Turai masu fetur daga 2001. Ko ɗan ƙaramin ELM327 ɗin nan da ake haɗawa da waya zai nuna maka taimin, wurin da aka rubuta IGN ADV ko SPARK ADV. A fara rubuta lambobin da ke ciki a takarda kafin a goge komai. Sannan a bar injin yayi zafi a kalli taimin a silo, a ɗaga juyi zuwa 2500 a ga ya haura sumul, sai kuma a fita da motar, wani na tuƙi wani na riƙe da mashin, a samu tudu, Kumasi ba'a rasa tudu ba, in kuna da lokaci hawan Mampong ma ya fi, a taka a ga ko lambar na faɗowa daidai lokacin da ƙarar ke zuwa. Mashin ɗin da ke shiga Toyota sosai, irin Techstream, har adadin da nok sensa yasa aka rage yana nunawa da wanda kontrol bod ya haddace. A tsaye a gareji bazaka ga wannan ba, sai da kaya a kan injin.

In ana son a tabbatar cewa abinda kontrol bod ke faɗa shine ke faruwa a zahiri, Toyota ta bada hanya, a haɗa baki na 13 da na 4 a soket ɗin, su ake kira TC da CG, taimin zai tsaya cak, a haska fitilar taimin a kan fuli a ga tsakanin digiri 8 zuwa 12 a silo. Dubawa ce kawai, ba saiti ba. In ya fita daga nan toh a duba makullin fuli, faifan haƙora, ko kuma fulin kansa, domin akwai roba tsakanin cikinsa da wajensa, in ta tsufa zoben waje na zamewa da alamar gaba ɗaya sai fitila ta nuna maka ƙarya. Wanda bai san soket ɗin ba kar ya tsoma waya, baki na 16 wutar batir ce kai tsaye.

Toh me ke sa a ja taimin baya a motocinmu na nan? Fara da mai tunda shine mafi sauƙi. Littafin motarka yace okten 87, wato lambar jurewar mai ga finkin, amma wannan ƙirgar Amurka ce, daidai take da RON 91 a ƙirgar da muke amfani da ita a Ghana, wato man yau da kullum na gidan mai ya ishe ta in dai mai kyau ne ba'a gauraya shi ba. Man galan na bakin hanya, ko wanda aka sirka da kananzir ko firimis na masunta, shi ke kawo finkin farat ɗaya. Gwaji mai arha, bari tanki ya kusa ƙarewa ka shiga gidan mai da ke da ciniki sosai ka zuba RON 95, ka yi aiki da shi kwana biyu uku. In ƙarar ta ɗauke ƙarfi ya dawo, toh ko man da kake sha ne ko kuma kabon ya taru a kan fistin har injin na neman man da ya fi nasa.

Zafi kuma shine wanda na fi son ka kula da shi, domin anan muke cutar kanmu da hannunmu. Mota na sauka daga tashar jirgin ruwa ta Tema abu na farko da ake mata a cire tamostat a haɗa fanka dairek, wai ƙasarmu da zafi. Tamostat ɗin injinka a digiri 82 yake fara buɗewa, kuma an rubuta teburin kontrol bod ne a kan injin da ke zaune wajen 85 zuwa 95. In babu tamostat, da asuba ko cikin ruwan sama ko a doguwar hanya injin baya kaiwa zafinsa, kontrol bod na ɗauka har yanzu ana ɗumi ne, yayi ta ƙara mai, man da bai ƙone ba ya zama kabon a kan fistin da bawul, kabon ɗin ya rage fili ya ƙara matsi ya kuma riƙe zafi, ƙarshe finkin. Ta ɗaya gefen kuma lagireto da aka shekara ana zuba masa ruwan famfo ya cika da tsatsa, murfinsa baya riƙe matsi, ka shiga cunkoson Kejetia ko randabawul ɗin Suame da rana tsaka AC a kunne, kan silinda yayi zafi fiye da kima tun allurar dashbod bata motsa ba, taimin ya koma baya. Haka in an cire bututun da ke kawo iska daga gaba aka bar akwatin filta na shaƙar iskar cikin bonet, sensan zafin iska zai gani ya rage wuta. A duba zafin ruwa a mashin da lamba, kar a dogara da allura.

Sai ƙarancin mai a cikin haɗin. In iska ta fi mai yawa wutar na zafi kuma finkin na zuwa da sauƙi. Eyafulo sensa na nan a bututun bayan filta, ƙurar hunturu da filta mara kyau na rufe ƴar wayar da ke ciki sai ya riƙa ƙirga iska ƙasa da wadda ta shiga, kaga an yi kuskure biyu a lokaci ɗaya, mai yayi kaɗan, sannan kontrol bod na zaton kaya ba nauyi sai ya ɗauko taimin na tafiyar sama-sama alhali kana kan tudu da fasinja. A silo da zafi, AC a kashe, injin 1.8 na nuna wajen giram 2 a sakan. Akwai feshin da aka yi don wanke shi, kar a sa masa fetur ko tsinke ko iskar kwamfuresa. A kalli fuwel tirim ma, wato man da kontrol bod ke ƙarawa ko ragewa don gyara haɗin, na dogon zango, in yana tsakanin ragi 10 da ƙari 10 cikin ɗari lafiya, in ya haura ƙari 15 ko 20 toh akwai magana, lambar P0171 ta ƙarancin mai na hanya. In yawan nasa a silo ne ya sauka da an ɗaga juyi, iska ce ke satar shiga, a wannan injin gasket ɗin manifol ɗin iska in ya tsufa yana yin haka. In kuma sai an taka yake haurawa toh fuwel famfo ne ya gaji ko injekta sun toshe ko eyafulo ɗin.

Baka faɗa min ko an taɓa canza mata injin ba, amma in an sa mata hom yus, wato injin na hannu daga waje, ka gaya wa mai duba ta tun farko. Sau da yawa ana ɗora injin a manta da soket ɗin nok sensa tunda yana ɓoye a ƙarƙashin manifol, ko wayar ta tsinke a murɗe ta da hannu a naɗe da tef. Kuma 1ZZ ɗin ma ba iri ɗaya bane duka, na farko-farko nok sensansu mai waya ɗaya ne, na baya mai waya biyu, in injin da kontrol bod ba ƴan zamani ɗaya bane dole a maida sensan da kontrol bod ya sani. Da kontrol bod ya rasa wannan sensan, P0325 ko P0328 ta fito, sai ya kai taimin can ƙarshen baya ya ajiye don kariya, motar ta zama kamar an ɗaure ta. Wasu sai su sa resista a wurin ko su ɗaure sensan a wani ƙarfe nesa da bulok don fitila ta mutu, wannan toshe kunnen injin ne, kar ka yarda. Ɗaurinsa ma da ƙa'ida, mai rami a tsakiya wajen 20 Nm ne, ba'a danne shi da ƙarfin tsiya.

Filogi a sa nata, Denso SK16R11 ko NGK IFR5A11, gaf 1.1, kuma a kula da jabu don sun cika kasuwa daga Magazine har kasuwar Abossey Okai ta Accra, in kuɗin yayi arha fiye da kima ka san dalili. Filogin da ya fi nata zafi bakinsa na iya yin ja ya kunna mai tun kafin lokaci. In tana shan baƙin mai shima yana rage ƙarfin fetur ya tara kabon. Baƙin man ma 5W-30 aka rubuta mata, mai kaurin nan da rashin juye a kan lokaci na toshe ƴar rariyar da ke gaban bawul ɗin VVT-i sai kam ya maƙale a inda bai kamata ba, mutum ya rantse taimin ne. Katalis da ya toshe ma haka yake kashe mota a tudu, a kwance oksijin sensa na gaba a sa geji a auna matsin hayaƙi, minti kaɗan ne.

Kar kuma wani ya karanta wannan yace duk mota mai injekta ba'a saita ta. Akwai ƴan tsakiya, na ƙarshen shekarun 1980 zuwa tsakiyar 1990, masu injekta da distiributa tare, irin Corolla da Carina masu 4A-FE, tsofaffin Primera da Sunny, Civic na lokacin, har yanzu suna nan suna aiki a Zango. Waɗannan ana saita musu taimin na tushe, amma ba da kunne ba, domin kana juya distiributa kontrol bod na gyara silo da wuta, kunnenka zai yaudare ka. Dole a fara gaya masa ya cire hannunsa. A Toyota injin yayi zafi, giya a furi, AC da fitilu a kashe, a buɗe ɗan akwatin da aka rubuta DIAGNOSIS a cikin bonet a haɗa TE1 da E1 da ƴar waya, a maƙala fitilar taimin a wayar filogi na ɗaya, a sassauta distiributa a juya a hankali har alamar fuli ta zauna a digiri 10, a ɗaure, a sake haskawa don ɗauri na gusar da shi, sannan a cire wayar. In an haɗa wayar ba'a ji silo ya canza ba a duba sensan totur, in bai nuna totur a rufe yake ba taimin bazai tsaya ba. Nissan na lokacin sensan totur ake cirewa, Ford akwai ɗan fulogin SPOUT da ake zarewa, kowace da hanyarta, lambar kuma tana kan takardar da ke manne a cikin bonet in bata goge ba. Wasu na ƙarshen zamanin suna da distiributa amma kirank sensa ke bada taimin, juya shi ba ya ƙara komai sai dai ya ɓata inda rota ke fuskanta.

Hanya ɗaya ta gaskiya da ake canza taimin a mota irin taka ita ce a sake rubuta teburin da ke cikin kontrol bod, abinda ake kira rimaf. Ana yi, amma aikin mai na'urar auna ƙarfi ne da abin sauraron finkin, ba wanda ya sauko da fayil daga intanet ya tura ba. Kuma a injin da ba tabo abinda ake samu kaɗan ne, don akwai inda in taimin ya kai ƙarfi baya ƙaruwa sai haɗari, kamfani kuma ya riga ya kai shi kusa da nan ya bar ɗan rata saboda mai mara kyau da zafi, mu kuwa wannan ratar ita ke rufa mana asiri. A ra'ayina motar tasi ba ta da abin yi da rimaf. Masu gas ne kawai nake ɗaga wa ƙafa, tunda tasi da yawa a nan an maida su LPG, gas na jure matsi fiye da fetur kuma a ƙaramin juyi yana son wuta da ɗan wuri, akwai ƴar na'ura da ake sawa a layin kirank sensa ta tura taimin gaba in ana kan gas ta sake shi in an koma fetur. Ita ma sai wanda ya san aikin, in aka haɗa ta yadda bata saki a kan fetur toh finkin ne zai biyo baya.

Kai dai yanzu, kafin ka samu zuwa wurin mashin, kar ka bari tana wannan ƙarar kana ci gaba da dannawa. In otomatik ce ka sauke ta zuwa 2 a tudu juyi ya ɗaga, in manuwal ce ka rage giya da wuri, ka kashe AC a hawa, ka canza gidan mai, ka duba ruwa da baƙin mai kowace safiya. In ka je a rubuta maka lambobin da aka samu, zafin ruwa bayan tafiya, fuwel tirim a silo da a juyi 2500, abinda eyafulo ke nunawa, da taimin a silo da kuma lokacin da take ƙarar a tudu, ka tambaya ko tamostat na ciki. Ka turo min su tare da ko an taɓa canza injin ko an taɓa buɗe cen, daga nan zan iya ce maka ga abinda za'a fara kwancewa. Allah ya bada sa'a ya kawo kasuwa.